Gwaggo Mai Wanke-wanke Ba Ɓarauniya Ba Ce

Kafin a hura wuta a gidan abincin bakin tasha, Gwaggo ta riga ta iso. Takan zubar da ruwan jiya, ta dirje bahuna, ta jera na sabulu da na ɗauraya. Shekara da shekaru ke nan, har fatar hannunta ta koɗe ta tsattsage. Direbobi da 'yan dako Gwaggo suke ce mata, ita kuma kowa ɗanta ne.

Ba ta girki, amma kowace tukunya a hannunta take ƙarewa, don haka ta san wadda aka kwashe tas da wadda aka rufe da saura. Gidan yana da wata mummunar ɗabi'a: miyar da ta kwana cikin zafi, sai a juye ta a sabuwa, a ƙara yaji. Tsohon mai gidan, in Gwaggo ta girgiza kai, zubarwa yake yi yana ƙunƙuni. Da ya rasu ɗansa ya karɓa, shi kuwa ya ce hannunta aka ɗauka aiki, ba bakinta ba.

Sai ta sake dabara. Duk ranar da aka yi wannan haɗi, in mutum ya zo wanke hannu, tana zuba masa ruwa tana cewa ƙasa-ƙasa, "Ɗana, yau shinkafa da mai za ka ci." Masu hankali suka gane. Wani tela ya yi dariya, ya ce shi cikinsa ƙarfe ne, ya ci miyar. Matarsa ta shaida mana sai da aka ɗaura masa ruwa a asibiti. Har yau Cikin Ƙarfe abokansa suke kiransa.

Magana ta kai kunnen mai gida. Da yake ba zai iya faɗin ainihin laifinta ba, sai ya tsayar da ita gaban masu cin abinci ya ce nama take sata. Gwaggo ta ƙarasa wanke kwanon da ke hannunta, ta kife shi, sannan ta ce, "Ubanka bai taɓa sa ni na ga mutum zai ci cuta na yi shiru ba." Ta ɗauki mayafinta ta fita. Ba wanda ya ɗago kai daga kwanonsa.

Yanzu tana gida. Duk inda ta nemi aiki, zancen nama ya riga ta isa.

Gwaggo, ke ce kika tsare cikin mutanen da ba su tsare miki mutunci ba. Mun gode, Allah ya saka miki. Masu aiki a bayan gidajen abinci, ku yi koyi da ita. Masu ci a waje, ku riƙa leƙa ruwan wanke-wanke, ku tambayi yaushe aka dafa.

Ku kuma da kuka sunkuyar da kai ran nan, kun san kanku. Gobe da rana zan tsaya a ƙofar gidan abincin. A gaban jama'a aka kira ta ɓarauniya, a gaban jama'a za a janye.