Irin Yaya da Wutar da Na Dinga Kashewa

Sallama gare ku, masu wannan mujalla da masu karanta ta. A shekarun da damina ta dinga yi mana rowa a ƙasar Damagaram, ni mushe ne, wato malamin makaranta, ina koyarwa a wata lakwal, makarantar boko, cikin Zinder, kuma in faɗi gaskiya, girman kai ya yi mini yawa. Na sayi tsohuwar mota 'yar Kwatano, ina jin ba kamata a unguwa. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne zuwa garaji. A shanya ka a rana, daga ƙarshe a ce sai an kai motar wurin mai balis, wato na'urar da ake jona wa mota ta faɗi ciwonta. Ni da nake koya wa 'ya'yan mutane Faransanci, a ce sai wani ya karanta mini motata? Haba!

Wata rana a kasuwa na ga 'yar ƙaramar irinta, ba ta fi tafin hannu ba, a rumfar wani mai kayan waya. Ya rantse mini duk abin da babbar take yi ita ma tana yi. Ko ciniki ban tsaya yi ba. A lokacin akwai wata 'yar wuta ruwan ɗorawa da take kamawa a gaban direba. Na jona abata, ta fito da haruffa da lambobi da wani Ingilishi da ban iya ba. Amma mai rumfar ya nuna mini wurin gogewa. Na danna, wutar ta mutu, daɗi ya kashe ni. Maƙwabta suka shiga tsokanata, wai Mushe ya zama malamin mota, yana wanke mata allo. Ina ta dariya, alhali na yi makarantar allo, na kuma sha bulala a kan wannan: ba a wanke allo sai an biya wa malam karatun ya ji ya zauna. Ni ban taɓa biyawa ba. Wutar ta dawo in goge, ta dawo in goge. Tunda daga gida zuwa lakwal ne kawai, motar ba ta taɓa ba ni kunya ba.

Ina da wa, uwa ɗaya uba ɗaya, manomi a ƙauyenmu can wajen Hamdara. Shi ya riƙe gonar mahaifinmu, da hatsinta ya ciyar da ni har na gama karatu. Damina ta baya ta zo da gardama, abin da ya samu bai kai su ko'ina ba. Cikin rani ya zo gidana da buhun irin shuka, geron da ya tsince zangarniya-zangarniya ya ware. Ya ce in ajiye masa a wurina, domin in yana ɗakinsa yara suna kukan yunwa, bai amince da hannunsa ba. Ya ce ranar da ruwan shuka ya sauka zai kira ni. Na bugi ƙirji na ce kafin ya ajiye waya zai gan ni.

Ruwan ya makara har mutane suka gaji da fita roƙo. Ran nan da sassafe Yaya ya kira, ya ce ƙasa ta sha, in taho. Na ɗora buhun, na tayar da mota, sai ga wutar. Maiɗakina ta ce tunda tafiyar daji ce, in biya garaji a duba, ko in hau motar haya. Na ce mata ta kula da tukunyarta. Na jona, na goge, na kama hanya.

Ina sauka daga kwalta na shiga rairayi, injin ya fara nishi. Allurar da take nuna zafi dama matacciya na saye ta. Ban ankara ba sai ƙauri, sai tururi, motar ta yi pan, ta mutu tsakanin tuddai inda waya ba ta kamawa. Daga baya na ji cewa fankar da take sanyaya injin ce ta daɗe da tsayawa, abin da wutar take ta faɗa mini ke nan. Na taka zuwa wani ƙaramin ƙauye neman amalanke ko jaki. Amma ranar shuka wa zai saki gonarsa don taka? Dabbobin ma yunwa ta kwantar da rabinsu. Na koma wurin motar na saɓa buhun a kafaɗa, ban yi nisa ba na zube, jikin alli ba na noma ba ne. Sai da na kwana a hanya, na sake wuni, kafin wani dattijo ya gama tasa shukar ya ba ni aron jaki.

Na tarar Yaya ya riga ya bi gonar kaf da sungumi, ramuka a buɗe layi-layi suna jiran iri. Rana da iska sun shanye su. Ya durƙusa ya zura hannu cikin ɗaya, ya ɗebo ƙasa, ta zube ta tsakanin yatsunsa. Bai yi mini faɗa ba. Sannu ya yi mini da wahala, ya sa aka kawo mini ruwa, ya ce mota ai ƙarfe ce, ba ta da alkawari. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Muka yi binne, wato shuka a busasshiyar ƙasa, muka zuba wa sama ido.

Ruwa na biyu ya daɗe bai zo ba, kuma damina ta ɗauke da wuri. Waɗanda suka yi shuka da ruwan farko sun samu ɗan abin kaiwa rumbu. Geron Yaya yana fitar da kai ya tsaya, kara kawai aka yanka. Na ce zan riƙe gidansa da albashina, ya ce shi bai saba ƙanensa ya ciyar da shi ba. Mutumin da bai taɓa kwana a wajen ƙasar nan ba ya tafi ci-rani arewa da furfurarsa. Can ciwo ya kama shi, can aka binne shi, ba mu ga kabarinsa ba.

Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, na san ruwa na Allah ne. Amma ni na san abin da yatsana ya danna da safen nan. Ban ce na'urar nan mugun abu ba ce, ta faɗi gaskiya, ni ne na toshe mata baki. Duk wanda zai saye ta, ya fara koyon karanta abin da take nunawa, in bai gane ba ya tambaya, tambaya ba ta rage mutum. Kuma in amanar wani tana cikin motarka, kada ka gwada wayonka a ranar. 'Ya'yan Yaya suna gidana yanzu. Duk wanda ya tambaye su, cewa suke yi Baffa ya sha wahala don babansu, har a daji ya kwana. Suna sa mini albarka, ni kuma ina cewa amin.