Tabon Wankan Jego

Ni dai rabin duro ne ya ƙona ni, ba Goggo ba, kuma har gobe haka nake gaya wa duk wanda ya so ɗora mata laifi. Lokacin ana tsakiyar aikin dam ɗin Bakolori, duk gidan da ke da ɗa ko suruki a wurin aikin sai ka ga rabin duro a tsakar gida. Maigidana tifa yake tuƙawa a can, muna zaune a Talata Mafara. Da na zo haihuwar fari aka maido ni gidanmu a Bakura, shi kuma don ya burge surukai ya aiko da nasa duron, wai a riƙa dafa mini ruwan wanka.

Goggo, ƙanwar babanmu, ita ke yi wa matan gidanmu wankan jego tun ba a haife ni ba. Da tukunyar ƙasa ta saba. In ruwa ya tafasa, ƙwarya uku na ruwan sanyi take zubawa ta sirka, ko taɓawa ba ta yi. Ranar da aka fara da duro ma ukun nan ta zuba, alhali ruwan da ke ciki ya fi na tukunya nesa ba kusa ba. Ta tsoma ganyen dogon yaro, ni kuma na sunkuya ina gyara zane, ganyen ya sauka a kuncina na hagu har wuya. Ihun da na yi, an ce maƙwabta sun ɗauka gobara ce.

Ciwo ya warke, amma ya bar mini baƙin tabo, faɗin tafin hannu. Ni kuwa wankan tarwaɗa ce, kuma ba zan ɓoye ba, ina ji da fatata. Na shiga rufe fuska da mayafi ko a tsakar gida. Aka yi arba'in, aka ce in shirya komawa ɗakina, na ce ban warke ba. Sau uku maigidan yana zuwa zaure, sau uku ina aika a ce ina barci. Tsoro nake ji ya dube ni ya kau da kai, don na san in na ga haka da idona, zaman ya ƙare ke nan ko da bai furta ba. Wata uku suka wuce, danginsa suka fara tambaya ko an fasa auren ne.

Shi kuma bawan Allah, da ya ji labarin tabon, sai ya aiko mini da hoda, irin wadda matan Turawan da ke aikin dam suke saye, a gwangwani mai madubi, ƙamshi kamar me. Na kulle ɗaki na shafa. Wayyo! Fuskata ta yi fari fat kamar wadda ta yi birgima a murhu, tabon kuma maimakon ya ɓuya sai ya koma ruwan toka, ya ƙara fitowa. Na ƙara, ya ƙara muni. Na yi jifa da gwangwanin, na ce wato har ya fara neman abin da zai rufe ni da shi.

Goggo ta tsince shi ta adana. Tun ranar ƙunar ba ta iya haɗa ido da ni, ta rame kamar ita ke jegon. Bayan kwana biyu ta leƙo ta ce, “Tashi ki goya yaron, Maradun za mu.” Na ce in wurin mai magani ne ba ni zuwa, na sha jiƙo har na gaji. Ta ce, “Ke dai taso, baƙar zuciya.”

A hanya na fara ganin ruwan dam. Ban taɓa sanin ruwa yana taruwa haka wuri ɗaya ba, sai kan bishiyoyi kake hangowa tsamo-tsamo a tsakiya. Wata mata a motar ta nuna da baki ta ce gonar mijinta tana ƙarƙashin can.

Tsohuwar da muka je wurinta tana cikin waɗanda ruwan ya tasa daga ƙauyensu, an ba su matsuguni a gefen gari. Ita ke yi wa amaren ƙauyen kwalliya a da. Suka gaisa da Goggo, lahiya lau, ina gajiya, ina gida, ina baƙunta, ina ƙaura, har na ƙosa. Sannan ta zaunar da ni a bakin ƙofa, ba cikin ɗaki ba, ba cikin rana ba, ta janye mayafin da kanta. Na jira ta yi salati kamar yadda kowa ke yi. Ko a jikinta. Ta dangwala yatsa a goshina, ta duba yatsan.

“Hwatarki mai maiƙo ta,” in ji ta. “Ke ba a sa miki mai.”

Goggo ta miƙa mata gwangwanin hodar, tana cewa ga abin da ya ƙara ɓata lamarin. Tsohuwar ta shafa kaɗan a bayan hannunta ta duba. “Wagga ba ta da laihi, an yi ta don masu ita. Ke kuma ɗiyata, wa ya ce miki hwari na kashe baƙi? Ja ka kashe shi.”

Na ce, “Ja kuma, Iya? Bayan baƙi a ƙara mini ja, in fita yara su bi ni?”

Ta yi dariya ta ce wa Goggo, “Ashe da baki kuka zo.”

Ta jawo wani tsumma ta kwance. Ƙananan gwangwanaye ne a ciki, da wani jan dutse da bai fi ƙwan zabo ba. Ta ce daga gaɓar gulbin ƙauyensu take samo shi, yanzu wurin yana ƙarƙashin ruwa, wannan ne ya rage mata. Na ce to ta bar abinta. Ta yi kamar ba ta ji ba, ta ɗiga ruwa a bayan fasasshen tulu ta goga dutsen, ya ba da wani ja mai ruwan lemo.

Tana aiki tana magana. Ta ce fata ba ɗaya ba ce, ko a ɗaki ɗaya. Mai baƙar fata sosai, jan nata sai ya yi duhu kamar goro, in ba haka ba ya yi mata kururuwa a fuska. Irina, a sassauta shi da ɗan gangamau. Farar Bafulatana kuwa, wadda ƙuraje ke sa wa kunci ya yi ja, ja ba nata ba ne, ɗan garin kuka ake murza mata, koren ya kwantar da jan. Na ce to saura daddawa a kaɗa miya. Ta dungure mini kai. Ta ce mai busasshiyar fata da man kaɗe ake kwaɓa mata, in ba haka ba abin ya tsattsage kafin azahar, mai maiƙo kuma da ruwa, in an sa mata mai ya zame ya taru a gefen hanci.

Ba shafawa take yi ba, dangwalawa take da ɗan yatsa, kaɗan-kaɗan, a kan tabon kawai, ba ta ƙetare iyakarsa. Ta bari ya sha iska. Sai ta juye hodar Turawan nan a faifai, ta riƙa barbaɗa mata garin jar ƙasa tana gaurayawa, tana gwadawa a wuyana ta ɓangaren da bai ƙone ba. Sau biyar tana gwadawa tana girgiza kai. A na shida ta shafa, na ji Goggo ta ce, “Ina kika sa?” Da wannan ta bi fuskar duka da auduga, sama-sama.

Ta miƙo mini madubin gwangwanin. Wallahi na ɗauka kuncin dama nake kallo, sai da na juya kai na sake juyowa. Babu. Na matsar da madubin, na nisantar, na fita cikin rana na duba. Sai wanda ya san wurin zai ga ɗan tudun fatar. Ni da na zuba farin abu har rabin gwangwani ban ci nasara ba, ga tsohuwa ta ɗora ja a kan baƙi, launin jikina ya fito. Na ce, “Iya, tsafi ne?” Ta ce, “Ido ne.” Goggo ta juya mana baya tana kuka, kafaɗunta na rawa.

Kwana biyu muka yi a can, tsohuwar tana sa ni ina yi da hannuna, tana goge mini in na cika, har ta ce ya yi. Ta fasa dutsen ta ba ni ɓari.

Ranar Juma'ar da ta biyo, bayan la'asar, maigidan ya zo. Wannan karon na gyara fuska, na ɗauki kwanon ruwa da kaina na kai masa zaure, mayafi a kafaɗa. Na durƙusa muka gaisa. Ya dubi kuncin dama, ya dubi na hagu, ya sake duban na dama.

“To ina ƙunar? An ce mini duk gefe guda ne.”

Abin da na yi wata huɗu ina roƙon Allah ke nan, ga shi na samu, amma sai wani tunani ya zo mini. Gobe da asuba zan yi alwala a tsakar gidansa, ruwa zai wanke komai, ya ga abin da na ɓoye masa. Gara in ga idonsa yanzu, a zauren ubana. Na tsoma bakin mayafina a ruwan da na kawo masa, na goge kuncin tun daga kunne har haɓa.

“Ga ta.”

Na kafa masa ido ina jira ya kau da kai. Bai kau ba. Ya daɗe yana kallo, har ya ɗan matso.

“Ta yi zahi ƙwarai?”

Na ce ta yi.

Sai ya ce, “Ni na aiko da duron.” Can kuma ya ce, “Yanzu don wagga kika bar ni wata huɗu ina cin tuwon kasuwa?”

Na so in ba shi amsa mai zafi, na saba, amma na fasa. Na tashi na shiga cikin gida da rabin fuska a gyare, rabi a goge, na ce wa Goggo ta zo ta taya ni ɗaure kaya.