Gafiyar Kawu Ta Tafi Yamai

Sana'ata kiwon ɓeraye ce. A jami'a nake yin ta, can Yamai, a ɗakin da masu binciken magani ke ajiye fararen ɓerayensu. Ni ke auna musu abinci, in canza musu shimfiɗa, in duba wanda ya kwana ba lafiya.

A ƙauyenmu, kusa da Filinge, ba wanda wannan zance ya ɓata wa rai kamar kawuna. Manomin hatsi ne, ya tsufa yana yaƙi da ɓera a gindin rumbu.

Wata shekara ya zo Yamai ganin likita saboda hawan jini, ya sauka wurina. Na roƙi izini na kai shi ya ga aikina. Na sa masa farar riga, na ɗaure masa takalma da leda, na ce ya sassauta murya don hayaniya na tada musu hankali. Gaskiya ce, amma na ji daɗin faɗinta.

Ya leƙa ta gilashi ya daɗe. Ga sanyin na'ura, ga ruwa tatacce.

"Ɗiyata," ya ce da raɗa, "me suka yi wa gwamnati?"

"Ciwo irin naka suke ɗauka, Kawu. A kansu ake gwada magani kafin ya zo gare ka."

"To, su ga su cikin sanyi, ni ina bin layi cikin rana."

Da ya gama da likita, ya koma gida.

Bayan kaka, sai ga direban motar kasuwa ya kawo mini kwando an ɗinke bakinsa. Ciki wata gafiya ce ƙatuwa, tana huci. Direban ya ce, "Tsoho ya ce a sa ta lakkal, makarantar boko. Ta ci hatsinsa, ta zo ta yi aikin gwamnati ta biya."

Dabbar daji ba ta shiga ɗakinmu, kada ta kawo wa namu cuta. Na tsaya bakin ƙofa da kwando ina tunani. Maigadi ya leƙa ciki, ya haɗiye miyau, ya ce in bar masa wannan damuwa.

Da la'asar ƙamshin gashi ya kai har ofis.

Na aika wa Kawu cewa an karɓe ta tun daga bakin ƙofa, kuma wanda ya karɓe ta ya yaba ƙwarai. Ya aiko da amsa wai akwai ƙannenta, in da gurbi.