Dabinon Malam Sabo a Kan Murfin Iyakilina

Yau shekara bakwai cif da muka kai Malam Sabo makwancinsa a unguwar Nasim, nan Riyad. Na ƙirga da yatsu har sau biyu, domin da yana raye cewa zai yi a sake, bai yarda ba. Shi Bazazzagi ne, ni Bakano, saboda haka duk abin da na faɗa a kansa wasan gado ne, kada danginsa su ɗaure fuska. Karatuna kuma a aji huɗu ya tsaya, sauran a bayan sitiyari na ƙarasa shi. In kun ga rubutu ya karkace, ku yi wa direba uzuri.

Shekara goma sha takwas muna ƙarƙashin kafili ɗaya, wato mai gidan da ya tsaya mana a takardar zama. Ni ina tuƙa iyali, shi yana kula da tsofaffin motocin Amurka uku da mai gida ke ji da su, irin masu dogon gaba ɗin nan da in an tayar sai gilashin taga ya ɗauki rawa. Ta gaban goshi ita ce ja, wadda fentinta na asali ne, ba a taɓa sake shi ba.

Ban taɓa ganin mutum mai zargin ƙarfe kamar Sabo ba, kuma duk cikin injin babu abin da ya fi tuhuma irin iyakilina. Ga wanda bai sani ba, wani faffaɗan kwano ne mai murfi da ke zaune a kan kafireta, wato mahaɗar fetur da iska, shi ke tace iskar kafin injin ya shaƙa. A garin da yashi ke shiga har cikin tuwo, ba ƙaramin muƙami ba ne. In an kawo masa wani aka ce na asali ne, ba ya ko kallon takardar da aka manna a murfin. "Wannan rawani ne," in ji shi, "kowa ma yana iya naɗawa, har Bakano." Sai ya kifa kwanon, ya kankare gindinsa da farce yana neman lambar da aka buga a jikin ƙarfen. Ya duba hancinsa da ke zuƙo iska, ɗaya ne ko biyu. Ya auna bakinsa da zare, ya je ya gwada a wuyan kafireta.

Bayan duk wannan sai a zo kan dabino. Yakan ɗauki guda uku ya cire musu ƙwallo, ya mulmula su kamar fura, ya ƙulle a leda, ya ɗora a kan notin murfin. Sai ya sauke bonet a hankali har ya kusa kamawa, ya ɗaga. In dabinon ya saura da kaurin yatsa, akwai sarari. In ya baje, kwanon ya yi tsayi, ran da aka buga bonet da ƙarfi notin zai turo shi daga ciki. Yana gamawa sai ya cinye abin awon. Ni dai na daɗe ina zargin dabarar cin dabinon mai gida ce kawai, na kuma faɗa masa. Ya ce, "Haruna, kai da ba ka san bambancin kafireta da butar shayi ba, wa ya sa da kai?"

Sau da yawa nakan tambayi kaina me zai ce da zamanin nan, da ake sayen kayan mota ta waya, daga ganin hoto. Bana na sami amsa. Mai gida ya tsufa, motocin sun koma hannun ɗansa Majid, yaron da na sha kaiwa makaranta. Wata safiya wani dillalin kayan tsofaffin motoci ya zo da iyakilina mai ƙyalli kamar tiren amarya. Ya leƙa jar motar, ya girgiza kai, ya ce wanda ke ciki ba nata ba ne. Wai bakaniken da ya riƙe ta a da ne ya cire na ainihi ya kai kasuwa, ya liƙa mata tarkace. Ya ƙara da cewa in an saka sabon, shi zai taimaka ya tafi da tsohon, kada ya cika wuri.

Ɓarawo ke nan aka kira Sabo, yana kwance ba bakin kare kansa. Majid, wanda ke kirana Ammi, wato baffa, ya juyo ya dube ni, ya ce, "Ammi Haruna, abokinka ne. Gaskiya ne?"

Ba zan ɓoye muku ba, Shaiɗan ya ɗan raɗa mini. Na tuna Sabo yakan tafi kasuwar Dira ran Juma'a da buhu a kafaɗa, ban taɓa sanin abin da ke ciki ba. Amma sai na lura idon dillalin ba ya kan sabon kayansa, yana kan tsohon. In ka ga kare yana shinshina takalmi, ɗauka zai yi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, a miƙo mini farantin dabinon can na gahawa."

Dillali ya yi dariya, ya ce, "Ya Hajji, yunwa ce?"

Na ce, "Awo ne, ɗan nan. Zauna ka ga karatu."

Aka ɗaura sabon. Na mulmula, na ɗora, na sauke bonet a hankali, don ban taɓa yi da kaina ba. Da na ɗaga, dabino ya baje kamar takarda, kan notin har ya huda ledar. Majid ya shafa jan fentin nan daidai wurin. Aka mayar da tsohon, dabino ya fito da kaurin yatsa. Sannan na kifa shi na kankare gindin kamar yadda na sha gani. Lambar ta bayyana. Ni ban iya fassara ta ba, amma Majid ya duba a wayarsa, ya karanta sau biyu, ya ce, "Asli," wato na asali ne. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Dillali ya naɗe tirensa, bai ko ƙarasa gahawarsa ba.

Buhun Juma'a kuwa, daga baya mai shagon da yake zuwa ya gaya mini tsummokaran goge hannu yake ɗebowa. Na nemi gafarar Allah, na nemi ta Sabo.

To me ya rage na mutumin nan? Bai bar gida a Zariya ba, sai 'ya'ya mata biyu da akwatin sifana. Motocin ma ba nasa ba ne. Amma ya bar aikin da shekara bakwai bayan ransa ya tashi ya ba da shaida a madadinsa, ranar da abokinsa ma ya soma kokwanto. Yanzu Majid ba ya rufe bonet a kan sabon kaya sai ya aika a kira ni da farantin dabino. Ni ne Sarkin Awo, ba naɗi ba rawani.

Abu ɗaya dai ban janye ba. Ran nan bayan dillali ya tafi, na cinye abin awon kamar yadda ƙa'ida ta tanada, na kuwa tabbatar guda ɗaya ma ya isa aikin. Sauran biyun, Bazazzagi, za mu yi maganarsu in mun haɗu. Allah ya jiƙanka, ya yalwata maka kabari fiye da kaurin yatsa.