Kaset ɗin Yaya a Gidan Suna

Shekarar da aka koro 'yan Gana daga Legas, yayana ya dawo unguwarmu Bulpiela a Gana ba shi da komai sai kaset ɗaya, faifan farko na wasu samarin Turawa masu jita. Waƙa guda sai ta cinye rabin batir.

Ranar sunan ɗiyar maƙwabcinmu ya kunna shi a rediyo. Mata suka miƙe. Da sun kama rawa sai kiɗan ya sauya, su tsaya cirko-cirko. Aka bushe da dariyar da har yau nake jin haushinta. Yaya ya kai hannu zai kashe.

Gwaggonmu ta riƙe shi. "Ba na farkonsu ba ne? Bar su, ɗana, hanya suke nema."

Ba rediyon take kallo ba.