Ragon Kawu da Azarar Gilashin Yaya

Ina shigowa tsakar gida da daro a hannu ranar Babbar Sallah, sai na tarar da ragon layya yana lilo a jikin azarar gilashin Yaya, Kawu yana tsaye yana wasa wuƙa.

Yayana ne ya gina sabon gida a nan Birnin Gwari, ya yi rumfar da har azarar da ke riƙe da rufinta ta gilashi ce. Tun da aka gama ba mu huta ba. Kowane baƙo sai ya ja shi ya nuna masa siririn ƙarfen da aka manna a ƙasanta, yana cewa ko ta tsage ba za ta faɗo ba.

Kawu da ya zo daga Gayam ya saurari laccar nan tsaf. Shi kuwa a wajensa, amfanin azara shi ne a rataya mata abu.

Ana tsakiyar fiɗa muka ji ƙas. Gilashi ya tsage kamar saƙar gizo. Mata suka kwashi yara, Yaya ya fito ko hula babu.

"Kawu, gilashi ne fa."

Kawu ya ɗaga kai ya duba, ya ja ƙafar ragon ya saki.

"To ai ba ta faɗo ba. Kai ka faɗa, ni na gwada maka. Matsa, kana tare min haske."

Ƙarfe dai ya cika alkawari, mun ci nama, Yaya ko hanta bai taɓa ba. Ku raba mana gardama, laifin mai kuri ne ko na wanda ya yarda da shi?