Mudun Baba Mai Zurfin Ciki

Wata Laraba ce a kakar shekarar da na shiga aji huɗu, ana tsakiyar tonon gyaɗa, Sista Marta ta jera mudu goma sha wani abu a kan benci a gindin darbejiyar makarantarmu. Makarantar mishan ce ta Katolika, a wani ƙauye tsakanin Zoza da Jajaye, mu 'ya'yan Musulmi da na Kirista duk a benci ɗaya. Ban yi nisa a karatu ba, amma abin da ya shiga kunnena ba ya fita. Kwana biyu kafin nan Sista ta shigo aji da kwalin ganyen shayi, ta ce a wata ƙasa mai nisa mata ne ke wuni a rana suna tsinkarsa da kwando a baya, in sun kai wurin awo sai sikeli ya cuce su. Har yau ina jin muryarta da Hausarta mai ɗan karkata: "Duk abin da ya shiga bakinku, hannun wani ya gaji a kansa." Daga nan ta ce kowa ya zo da mudun gidansu, mu gani ko awonmu ɗaya ne.

Gidanmu mudu biyu ne, kuma ban taɓa tambayar dalili ba. Aikina da yamma koro awaki da ɗebo ruwa a rijiya, in na sami sarari sai 'yar carafke da gaɗa a ƙofar gida. Ina ruwana da awo? Ran nan Baba ya yi sammako zuwa Rogo da ƙaramin a cikin buhu, don yakan sayi gyaɗa a hannun mutane ya kuma sayar. Sai Inna ta miƙo mini ɗayan, baƙi, wanda aka bubbuge gindinsa har ya yi tumbi, ta ce kada in yi wasa da shi.

Sista ta cika mudun mishan da yashi, tana juyewa a cikin na kowa. Wani ya cika daidai, wani ya ɗan zube. Da aka zo kan namu, yashin ya shige ya kwanta, ga baki nan fayau, sai da ta ƙara kusan tafi uku. Sai Ishaya, wani ɗan ajinmu mai bakin tsiya, ya ce, "Kai! Wannan ai rijiya ce. Da shi babanku ke saye ko, Uwani? In zai sayar kuma ya auna da ƙarami!" Aka kwashe da dariya. Sista ta tsawatar, ta ce mudu ba ya magana, sai an ga hannun da ke riƙe da shi. Amma ni maganar Ishaya ta riga ta shige ni. Baban da ke jan mu salla, wanda ko tsinken wani ba ya ɗauka, ashe cutar talakawa yake yi?

Da aka tashi ban nufi gida ba. Na zauna a bayan wata kuka da mudun a cinya, na rufe shi da mayafi kamar kayan sata, har aka yi la'asar. Yunwa ce ta kora ni.

Ina shan kwana na hango mata zaune a ƙofar gidanmu, ƙafafunsu fari fat da ƙasar gona, masu tsinke mana gyaɗa ne, suna jiran a auna musu ladan aikinsu. Baba ya dawo, yana tsugune gaban tarin gyaɗa, ƙaramin mudun nan na kasuwa yana gefe a kife. Sunan mahaifiyarsa gare ni, shi ya sa ko faɗa zai yi sai ya tausasa. Ya ce, "Uwata, ina kika tsaya? Bayin Allah tun ɗazu suke jira."

Iya Saratu, uwar Ishaya ɗin nan, ta ce, "Mun ce ya auna mana da na kasuwa mu tafi, ya ƙi. Malam, in tuwona ya yi dare, a gidanka maigidana zai ci!"

Baba ya karɓi mai tumbin, ya cika, ya yi masa tozo, ya juye a zanenta. Ya ce, "Na kasuwa na ciniki ne, kowa ya san girmansa. Gumin mutum kuwa ba na auna shi da ƙarami."

Wallahi sai a lokacin na gane. Na zauna daɓas ina dariya ina hawaye, Inna na tambaya ko kunama ce. Washegari na koma makaranta. Ishaya ne ya matso, yana sosa ƙeya, ya zuba mini dafaffiyar gyaɗa a tafi. Na san daga mudun da ta fito.

Yanzu a Karaye nake aure, har da jikoki. Masu aikin gona ta waya ake sallamarsu, mai gona bai ma san fuskarsu ba. Mudun yana ɗakina, ya yi tsatsa, jikokina na cewa in jefar. Ni kuwa ko shayi zan haɗa, sai na tuna akwai hannun da ya gaji, in yi fatan mai zurfin ciki aka auna masa.